Bayan Ka Juya Baya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga yayan Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya gajiyar hanya? Yaya baƙunta, yaya ka sami mutanen Kano? Ina roƙon Allah ya sa ka sauka lafiya, ya sa ka shiga garin da ƙafar dama, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin hanya da na abokin hanya. Mu nan Mafara, in sha Allahu, yadda ka bar mu haka muke, sai godiyar Allah.

Na san za ka juya takardar nan gaba da baya kana neman wanda ya rubuta. Ni ce, Innarku, da hannuna. Na naɗe ta a leda na sa a can ƙasan bokitin ƙuli-ƙulin da Saratu ta miƙa maka, don na san ba za ka kai gare ta ba sai ka kwana biyu a garin, hankalinka ya kwanta. Ban sa Saratu ta rubuta ba. Ka san ƙanwarka, kafin tawada ta bushe unguwa ta ji. Ɗan bokon da na tsinta a makarantar matan aure nake ja a hankali, yau layi kaɗan, gobe layi kaɗan. In ka ga rubutun ya yi Kananci kada ka yi mini dariya, a littattafansu na koya. Bakina yana nan na Zamfara.

Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan aikin waya ne. Maganar littafin ungozomar nan zan yi, da fim ɗin da aka yi da shi. Tunda koyon mayar da littafi fim ne ya kai ka Kano, ni ma ina da ta cewa, ko da yake ba wanda ya tambaye ni. Sannan akwai wata magana da ka faɗa ranar da aka kalli fim ɗin, ta tsaya mini a wuya har yau. Ba na so ka zauna a wani gari kana zaton uwar da ta haife ka ba ta damu da kai ba. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Amma godiya ce farko.

Kai ɗan fari ne. Ka sani, amma bari in faɗa yadda abin yake daga ɓangarena. Haka muka tashi muka tarar a Maradun, haka na zo na tarar a nan: uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane, in ya shigo ta gabas sai ta sami abin yi a yamma. Shi ya sa duk unguwa ke ce mini Maman Saratu alhali kai ne babba. Da aka yaye ka, Hajiya, mahaifiyar babanku, ta goya ka sai Bakura, ba ka dawo hannunmu ba sai bayan rasuwarta, ka riga ka fi ni tsawo. Tsakanina da kai, daga "Ina kwana, Inna" sai "Lafiya lau." Daga "Na dawo" sai "To."

Sai ga shi lokacin da kake koyarwa a Kaya, kana zuwa gida ƙarshen mako, ka zo da wani littafi da bangonsa ya fara rabuwa da shi. Bayan la'asar ka shimfiɗa tabarma a rumfa, ka ce wa Saratu ta zo ka karanta mata. Saratu fa! Yarinyar da ta fi ka saurin karatu, wadda ke cinye littafi kafin a sauke tuwo. Ni ina bayan 'yar katangar madafi ina matsar man gyaɗa. Da farko na ce a raina, malaman makaranta dai ba su iya magana a hankali ba, ji yadda yake ɗaga murya sai ka ce yana gaban aji.

Daga baya na lura da wani abu. In aka yi sallama a zaure na fita auna wa mai sayen mai, sai karatun ya tsaya. Ko ka ce a ba ka ruwa, ko ka tashi korar kaji, ko ka hau yi wa Saratu faɗan da ba kai ba gindi. Ina dawowa na kama muciya, sai labarin ya ɗora daga inda ya tsaya. Rannan na ce bari in gwada. Na fita na tsaya dogon surutu da mai sayen da gangan, har muka tambayi lafiyar dangin dangi. Na dawo na tarar kana zaune kana ta duba farcenka, Saratu ta cika ta yi fam. Ina zama ka yi gyaran murya, ka koma daidai kan maganar da na bari. Wallahi ranar na ɗora wa hayaƙi laifin da ba nasa ba.

Na gode. Allah ya yi maka albarka. Ka samo hanyar yin hira da uwarka ba tare da ka keta mata kunya ba, kuma ba wanda ya koya maka.

Bari in maimaita labarin yadda ya zauna a kaina, ka ga ko na ji daidai ta bayan katanga. Wata ungozoma ce aka kira wani gida, matan wa da ƙani suna naƙuda rana ɗaya, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk su biyun suka haifi maza. Ta kai jariran ɗaki ɗaya ta yi musu wanka, ta kwantar da su gefe da gefe, sai aka ƙwala mata kira, jini ya ɓalle wa ɗaya daga cikin masu jegon. Ta je ta yi abin da za ta yi, Allah ya taimaka. Da ta dawo ta tsaya a kan jariran, sai ta kasa tuna wanne ta kwantar a dama. Ta yi bismilla, ta ɗauka, ta miƙa wa kowace ɗaya. Ba ta gaya wa kowa ba.

Shi ke nan fa abin da ya faru. Babu aljani, babu wuƙa, babu boka. Amma marubuciyar nan, Allah ya saka mata, ta ɗauke mu ta zuba a cikin kan matar, ta ja ƙofa. Yaran suna girma tana bin su da ido: kunnen wannan irin na wane ne, tafiyar wancan irin ta wance ce. Yau ta tabbata ta yi daidai, gobe yaro ya yi dariya ta ga haƙoran ɗaya ɗakin. Ta riƙa bin ɗaya daga cikinsu har bakin rijiya don kawai ta ga bayan kunnensa. Sannan matar ƙanin ta fara aiko mata da fura kowace Juma'a, kuma kullum da ludayi biyu a cikin ƙwaryar. Ita kaɗai ce a gidanta, me za ta yi da ludayi biyu? Alheri ne, ko kuwa "na sani" ake ce mata? Ni da nake gaban wuta da rana tsaka, sai in ji tsigar jikina ta tashi saboda ludayi. Kullum ina fargaba: ko ta faɗa ta rusa gidan, ko ta yi shiru ta zautu. Har ta kai in maƙwabciyarmu ta ce mini "Sannu da aiki," sai in tsaya ina auna yadda ta faɗa.

A nan na yi kuskurena na farko, kuma irin nawa ne, gaggawa. Ka koma Kaya ka bar littafin a kan taga, labari ya kai tsakiya. Na kasa haƙuri. Na ce wa Saratu, "Ke, buɗe ƙarshen ki duba min, ta musanya ko ba ta musanya ba?"

Ta ce, "Inna, Yaya ba zai ji daɗi ba."

Na ce, "Wa zai hwaɗa mishi?"

Ta buɗe ta karanta, ta ɗago ta ce, "Inna, ba a hwaɗi ba hwa. Tsohuwar ta kira su su biyu tana ciwon ajali, ta kama hannun wanga ta kama na wancan, ta yi musu addu'a, shi ke nan." Na ce amma an cuce mu! Duk wannan zaman ashe a banza? Na wuni ina fushi da matar da ban taɓa gani ba.

Da ka dawo ka ci gaba, sai na ga ni na cuci kaina, don rabin daɗin ya tafi. Kuma sai da muka bi hanyar a hankali har ƙarshe na gane dalilin shirun. A lokacin da muka isa wurin, ni kaina ba na son a faɗa. Yaran sun zama magidanta, kowa da uwar da ta sha wahalarsa. Amsar da na so in fizga a tsakiya, a ƙarshe ba ta da amfani ga kowa. Don haka ka ji: kada ka yi gaggawar ganin ƙarshen abu, na aiki ne ko na mutum. Za ka so ka ga sunanka a jikin fim tun yanzu. Su kuwa za su sa ka ɗaukar jaka da sayo ruwa. Ka ɗauka, ka sayo, idonka na kan yadda ake yi. Ka sha ganina da niƙaƙƙiyar gyaɗa: in aka juye mata ruwan zafi gaba ɗaya man ba ya fitowa, sai kaɗan-kaɗan ana juyawa.

To, sai fim. Da aka yi hutun makaranta ka zo da shi a kwamfutarka, wata Laraba, ranar da babanku ke huce gajiyar kasuwar Talata. Kuka jeru a rumfa, ni kuma na jawo faifan gyaɗa na zauna a bakin madafi, wai tsinta nake. Na ga ka ɗan karkata kwamfutar. Wannan ma na gani, na gode.

Zan faɗi gaskiya, fim ɗin yana da nasa. Ruwan saman nan da littafin ya ce ana yi, a fim sai da na ji shi yana dukan kwano har na ɗaga kai na duba shanyar kilishin babanku. Matar da ta fito a ungozoma ta iya: ko yadda take ɗaure bakin zane kawai, sai da na ji a jikina. Na ga fuskokin yaran biyu da idona, ni ma na shiga auna kunnuwa. Uwa uba babanku, mutumin da ko katin ɗaurin aure aka fara karanta masa sai ya hau gyangyaɗi, ya zauna daram har ƙarshe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kada ka bari masu littafi su raina maka sana'a.

Amma sun yi ɓarna, kuma tun a farko suka yi ta. Ba a yi nisa ba aka nuna wan ya ja ungozoma bayan ɗaki yana mata raɗa, wai nasa jaririn ya zo da rauni. Aka nuna ta tana musanya su da gangan, tana waige-waige. Suka cika mata ido da kwalli, duk inda ta ɓullo sai a saki wani kiɗa, dum, dum, dum. Babanku ya ce, "Wagga ai muguwa ta, tun hwarko an gani. A kira 'yan sanda mu tashi." Kuma haka aka yi, sai dai an ja abin: asibiti, gwajin jini, koke-koke, ɗan sanda, har da waƙa a lambu da ban san ta inda ta shigo ba. Ludayi biyun nan da suka hana ni sukuni, sau ɗaya aka nuna su aka wuce, ba na jin babanku ma ya lura.

A littafi, tare da matar nake jin tsoro. A fim, ita aka ce in ji tsoro. Ka ga bambancin? Kallon da take yi wa yaron iri ɗaya ne a duka biyun, ido ne a kan yaro babu magana. A littafi mun san tausayi ne da fargaba ke cin ta. A fim an sa masa kiɗa, ya koma mugunta. Ana cewa gani ya kori ji, ni dai a wannan karon ji ne ya fi gaya mini gaskiya.

Kuma ban isa in zagi masu fim ba, don ni ma na taɓa sa wa mutum kiɗa. Hajiya ce, Allah ya jiƙanta. Tun ina amarya ban taɓa jin ta yabe ni ba. In na kai mata ƙuli sai ta gutsura ta ce, "Gishiri ya yi yawa." In na rage ta ce, "Yau kuma gishiri ya yi tsada?" Ga shi ta ɗauke mini ɗa. Na gama yanke mata hukunci a raina: matar nan ba ta ƙaunata. Duk abin da ta yi da wannan kiɗan nake kallonsa, ko tari ta yi sai in ce da ni take.

Ranar sadakar ukunta a Bakura, wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Ke ce mai ƙulin? Ai mun sha labarinki har mun gaji. In kin kawo, gida-gida take bi da shi tana cewa ku ɗanɗana na ɗiyata, duk Mafara babu mai hannunta." Na tsaya kamar an dasa ni. Ɗiyata! Kalmar da ban taɓa ji a bakinta ba, ashe a gidajen mutane take rabar da ita. Kunyar surukuta ce ta hana ta faɗa a gabana, ni kuma na fassara da ƙiyayya, har ta koma ga Allah ban taɓa ce mata na gode da zuciya ɗaya ba. To ka kiyaye. Za ka haɗu da masu ɗaure fuska a wurin aiki, za ka haɗu da masu washe baki. Kada ka yi saurin sa wa kowa kiɗa. In mai gidanka ya soke rubutunka ya ce sake, ba lallai maƙiyinka ba ne. Wanda kuwa ya ce kai ne gwanin gwanaye tun ran farko, ka riƙe jakarka da kyau.

Yanzu ga maganar da ta tsaya mini. Da fim ya ƙare babanku ya tafi masallaci, kai da Saratu kuka kaure da gardama. Ita tana cewa an zalunci ungozoma. Kai kana cewa ba duka ne laifin masu fim ba, littafi yana shiga cikin mutum, kyamara kuwa iyakarta fata. Sai ka ce, "Mace ta yi shekara da shekaru tana kallon yaro ba ta ce mishi komai ba, mai kallo mi zai ɗauka? Shi kanshi yaron mi zai ɗauka?" Kuma ba da muryar gardama ka faɗa ba. Da muryar karatun nan ka faɗa, wadda ke tsallake katanga.

Gyaɗar da ke hannuna ta zube. Na so in ce wani abu, wallahi na so, amma bakin da ya daɗe a rufe ba ya buɗuwa don an so. Na tashi na shiga ɗaki na ce kaina ke ciwo.

Ba kunyar ce kuskure ba. Ba zan zagi abin da uwata ta yi wa yayana ba, ita ma haka aka yi mata. Akwai ladabi a ciki, akwai kuma hikima, don ɗan fari na dangi ne duka, kada uwa ta rungume shi ita kaɗai. Inda na kuskure, na ɗauka kana karanta ni yadda nake karanta ka. Ni da Hajiya ta yi wa haka na san zafinsa, sai ga shi na juya na ba ka fim ɗina babu littafin. Ranar da ka zo ka durƙusa ka ce an kira ka Kano, na ce, "To, Allah ya sa alheri," na ci gaba da murza ƙuli. Abin da ka gani ke nan. Ina laifinka in ka ɗauki abin da ka ɗauka?

Amma ban yarda da kai ba cewa kyamara iyakarta fata. Na yi ta tunani a gaban kasko, ga abin da na samo, in ya yi maka ka ɗauka. Masu fim ɗin nan, duk sanda yaron ya juya ya tafi, sai su bi shi. Da sun bar kyamarar a kan matar bayan ya juya baya, da ba su buƙaci kiɗa ba. Abin da mutum ke yi in ya tabbata ba a ganinsa, shi ne abin da ke cikinsa. Bari in nuna maka abin da za ta ɗauka a gidanmu.

Ranar da ka ce an kira ka Kano ka fita, ƙulin da ke kasko ya ƙone ƙurmus ina zaune ina kallonsa. Na shiga ɗaki na yi sujadar godiya, na daɗe ban ɗago ba. Duk safiyar da za ka koma Kaya, ga hanya ta zama abin da ta zama, kana cewa "Na tafi" ina cewa "To," amma ina bayan ƙyauren zaure har ƙarar babur ta ɓace, kuma ba na karyawa sai Saratu ta ce ka kira ka sauka. Ƙulin da take kawo maka tana cewa ragowa ne, ba ragowa ba ne, kaskon farko ne, ni nake zaɓa. Man da nake ta kaiwa Bakura kana yaro, Hajiya ba ta cin mai haka. Kai nake zuwa gani da wutsiyar ido, ina gaishe da kowa ban da kai.

Sannan lokacin da ƙyanda ta kama ka, kana ɗan ƙarami. Labari ya zo, ba halin in yi kuka a gaban mutane, ba halin in ce zan je duba ɗana. Na ɗauki kwalbar mai na ce Hajiya ta aiko. Na isa na zauna a tsakar gida muna gaisawa, ina gajiya, ina gida, ina mutanen Mafara. Na tambayi lafiyar kowa har awaki, ban tambayi taka ba. Can Hajiya ta ce, a daƙile kamar kullum, "Tashi ki ɗauko min carbi a ɗaki." Na shiga, ashe ɗakin da kake kwance ne. Jikinka zafi zau, idonka a rufe. Na durƙusa na ɗora tafina a goshinka, na sa bakina a kunnenka na kira sunanka. Sau ɗaya ke nan a rayuwata, kuma ba ka ji ba. Na daɗe a ciki, ba wanda ya leƙo. Na fito na ce ban ga carbin ba. Ta ce, "Bar shi." Sai bayan rasuwarta, da tsohuwar nan ta yi mini magana, na tuna carbin yana naɗe a hannunta tun shigowata.

Ka ga irin mutanen da ka fito daga cikinsu. Ba mu iya faɗa ba, sai dai mu aiki mutum ɗauko carbi, ko mu ɗaga murya a rumfa. Kai ma namu ne, ba ka tsira ba. In za ka yi fim da mu, ka yi mana adalci.

Sauran kaɗan ne. Duk littafin da aka ba ka ka mayar fim amanar mai shi ce. Dole ka rage, na sani. Babanku ma in zai yi kilishi sai ya yanka tsoka guda falle-falle, rana kuma ta shanye rabinta, amma duk wanda ya sa a baki ya san naman sa ne. Ka rage yadda za ka rage, kada ka mayar da mai tausayi muguwa don kasuwa ta fi son haka. In mai gida ya matsa, ka faɗi taka da ladabi, in ya ƙi ka yi haƙuri, ranarka na zuwa. Kada ka ji kunyar cewa kai ɗan mahauta ne daga Mafara. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko ana tsakiyar ɗauka. In za ka zo gida ka fito da sassafe, in yamma ta yi maka a Gusau ka kwana. Ka riƙa kiran babanku. Ba zai ce yana kewarka ba, farashin shanu a Kano zai tambaye ka, ka san abin da yake nufi.

In ka zo hutu, don Allah kada ka tayar mini da maganar takardar nan. Ka ce "Na dawo," zan ce "To," in sami abin yi a madafi. Ba zan iya sauya hali da furfura a ka ba. Amma yanzu ka san abin da ke cikin "To" ɗin. Ka dai zo da wani littafin, mai ban tsoro irin wancan, ka kira Saratu rumfa. Na yi alkawari ba zan sa a leƙa ƙarshe ba.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Allah ya ba ka sa'ar malamai da ta abokan zama, ya sa albarka a alƙalaminka, ya ciyar da kai halal, ya dawo mana da kai lafiya. Na yafe maka duniya da lahira, ko da yake ban san abin da ka taɓa yi mini ba sai alheri. Kai ma ka yafe mini shirun.

Na leƙa tsakar gida babu kowa, Saratu ta tafi kai niƙa. Wancan karon idonka a rufe yake. Wannan karon a buɗe.

Allah ya yi maka albarka, Mu'azu. Mu'azu ɗana.

Wassalam,
Innarku.